Turancin Kawu Labbo

Duk wanda ya san Kawu Labbo a Mafara ya san rediyonsa. Da hantsi zai shimfiɗa buzu a ƙofar gida, ya murɗo tashar Turanci, ya yi ta gyaɗa kai. Mutumin da ko aji ɗaya bai taɓa shiga ba! Gadi kawai ya yi wa Turawa lokacin aikin dam ɗin Bakolori.

In ka ce, "Kawu, mi suka ce?" sai ya ce, "Albasa za ta yi tsada." Kullum fa albasa. Shekarar da ta yi tsadar kuwa, unguwa ba ta huta ba.

Da na faɗi Turanci a jarrabawar gama sakandare, Baba ya ce sau ɗaya ya rage mini, in na sake faɗuwa karatu ya ƙare. Abin da ke kayar da ni karin maganganun nan na Turawa ne, kowace kalma ka san ta, an haɗa ka rasa gane komai. Na kai wa Kawu ɗaya don tsokana.

"Kawu, wai mutum ya san gari kamar bayan hannunsa. Ina ruwan hannu da gari?"

"Ke ɗiyar nan, gaggawa ta yi miki yawa. Ba a gane Turanci, sabawa ake da shi. Jakina ya san hanyar Bakura, kin taɓa jin ya tambayi ma'anarta?"

"Ni ce jakin ke nan?"

"Bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba."

Haka ya dasa ni kusa da shi kullum, wata biyu cur. Ba littafi, ba tambaya. In na buɗe baki, "Shiru, suna magana!" Ranar da batir ya mutu ma sai da muka zauna, wai kada kunne ya sangarce.

A ɗakin jarrabawa duk amsar da ta yi wa kunnena daɗi ita na zaɓa. Na ci. Wallahi har yau ban san yadda aka yi ba.

Na ruga na gaya masa. Ya waiga dama da hagu.

"To yanzu kina gane abin da suke faɗi?"

"A'a, Kawu."

Ya sassauta murya. "Ni ma haka. Kada ki faɗa ma kowa."

Ga shi na faɗa, Kawu, ka yafe mini, ka san bakina. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sauƙaƙa maka tambaya.