Koren Zare daga Ƙasan Teku

Wata takwas na yi ina juya igiyar ƙarfe a wani jirgin bincike da ke tashi daga gefen Tashar Jidda. Aikinmu neman ɓurɓushin roba, irin wanda ido ba ya gani, a can ƙasan Bahar Maliya. Ni ɗan unguwar Hindawiyya ne, a nan Jidda. A lungunmu leda ce ke yi maka maraba tun daga bakin ƙofa, amma wai sai an je tsakiyar teku za a same ta. Na ci gaba da juya igiyata, domin kamfanin da ke da jirgin shi ne kafilina, wato mai tsaya mini a wurin hukuma, iƙamata kuwa, takardar zama a ƙasar, saura ƙiris ta ƙare.

Shugaban aikin wani duktur ne, wato dakta, mai doka fiye da alƙali. Ba a hawa jirginsa da tufafin roba, sai auduga. Kwalba ta gilashi, rariya ta ƙarfe. Ya taɓa mayar da ni gida saboda safar roba.

Sai ga wani koren zare ya fara fitowa a duk ruwan da muka jawo daga zurfi. Duktur ya yi ta washe baki kamar an yi masa haihuwa. Sati uku yana zana mana hanyar da igiyar ruwa ta bi ta kawo zaren daga wata uwa duniya.

Wata abokiyar aikinsa, wadda ba ta da yawan magana, ta ajiye kwalba babu komai a buɗe a saman jirgi. Da yamma ta duba, ga koren zare kwance a ciki.

Ashe zaren dardumata ne, koriya ce ta roba. Kowa ya san ba a shimfiɗa darduma sai an kakkaɓe ta, kuma inuwar azahar ɗaya ce a jirgin, daidai inda ake shanya rariyoyi. Ni sau ɗaya nake kakkaɓewa. Duktur kuwa, da kullum yake aron ta idan na sallame, sai ya buga ta sau uku, fat-fat-fat, domin yana ƙyanƙyamin goshina.

Da aka gano, duktur ya ɗago dardumar da yatsu biyu.

"Ta waye wannan, ya ammi?" in ji shi, wato baffa da Larabci.

"Tawa ce, ya duktur. Ai ka san ta, ko jiya ma..."

"Halas, ya isa. Yalla, maza ɗauke ta."

Ya rubuta a rahotonsa cewa wani ma'aikaci ne ya gurɓata samfurin. Bai yi ƙarya ba, bai dai faɗi wane ma'aikaci ba. Kamfani ya cike masa gurbin da sunana, aka ƙi sabunta mini takarda. Abin ya yi mini ciwo, har yau kuma bai daina ba.

A garin nan na Jidda aka yanke mini cibiya. Robar da muka je nema tana can kwance a ƙasan teku hankali kwance, ba wanda ya tambaye ta iƙama.