Humra a Kwalbar Sauro

Duk mai bin hanyar gada a Gaya ya san Siddo, ko da bai san sunansa ba. Shi ne gajeren nan mai farar riga da karin guga, biro uku a aljihu, yana tafe da tarin takardu a hammata yana hura hanci kamar shi ya rubuta su. Bai rubuta ko ɗaya ba. Aikinsa ya kwaso su daga wani buro, wato ofis, na masu fiton kaya, ya tsaya a buga musu hatimi, ya kai wa direbobin manyan motoci, ya komo. Shekara goma sha tara yana wannan zirga-zirga, kuma har yau in ba ka ce masa Mushe Siddo ba, yadda ake girmama mutum da Faransanci, sai ya yi kamar da wani kake.

A Tanda aka haife shi, auta a gidan manoman shinkafa da ke bakin fadama. Can, da rana ta yi ja, sai mata su zuba ƙaiƙayi da busasshen ganyen dogon yaro a kasko, su sa garwashi, hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, sauro ya ja da baya. Cikin wannan hayaƙi ya girma, yana manne a rigarsa da gashinsa. Ranar da aka kawo shi lakwal, makarantar boko, a Gaya, 'ya'yan ma'aikata suka toshe hanci suka ce an kawo musu kifin banda cikin aji. Abin da tausayi, ba mai musun haka. Sai dai yaro aka yi wa dariya, shi kuwa wanda ya riƙe ta har furfura ta keto masa ai ba yaro ba ne. Ya bar karatu ba takardar shaida, ya fito da guntun Faransanci da ƙiyayyar hayaƙi. Da ya auri Aisata, farkon dokar da ya kafa mata ita ce ba itace ba gawayi a gidansa, har kaskon turarenta sai da ya kora bayan ɗaki.

Abu guda Siddo ke so da gaske, shi ne mahaifiyarsa, Inna Nasiba, ta baro Tanda ta zauna wurinsa. Tun rasuwar mahaifinsu tana gidan wansa Kabo, mai noma da kamun kifi, wanda bai taɓa sa takalmi sau ciki ba. Wannan na ci wa Siddo rai. Ya gina mata ɗaki da siminti, ya sa silin, ya shafa shuɗin fenti, ya bar shi a kulle shekara bakwai. Rabin abin don mutane su gani ne, amma ɗaya rabin yana son uwarsa, yana kuma so sau ɗaya ta dube shi ta ce ya yi abin kai. Duk sallah sai ya roƙa, ita kuwa ta ce sai an yi girbi.

Ana cikin haka ya samo wata na'urar kashe sauro. Kafin a rufe gadar iyaka ya ƙetara Malanbil, garin da ke tsallaken kogi, ya dawo da wani ɗan abu fari, bai kai dunƙulen hannu ba. A jikin bango ake soka shi inda ake jona wuta, a ƙasansa akwai 'yar kwalba mai lagwani, in ya ɗumi sai maganin ya riƙa tashi ba hayaƙi ba toka, wata 'yar jar fitila na nuna yana aiki. Na'urar ba ta da laifi, tana kashe sauro yadda aka ce. Laifin na mai ita ne. A ranar ya bi ɗakuna ya cire gidajen sauro, ya ce tarkacen ƙauye ne, ya ba maƙwabci ya rufe irin tumatir da su. Baƙo bai isa ya sha ruwa a gidan ba sai an kai shi gaban bango ya yi kallon jar fitila, an yi masa bayani da Faransancin da shi mai bayanin ma bai gama ji ba.

Kwalba dai kwalba ce, ta ƙare. Waɗanda ya tarar a teburan kasuwa bakinsu bai dace da tasa ba, kuma ya ƙi sayen sabuwar na'ura irin wadda kowane mai shayi ke da ita yanzu, don ya riga ya cika baki cewa tasa ba irinta a garin. Sai ya zauna ya yi lissafi irin na masu ilimi. A Tanda me ke korar sauro? Warin hayaƙi. A nan me ke korarsa? Ƙamshin kwalba. Ashe duk maganar ta hanci ce, kuma wanda ya fi ƙarfi shi ya fi aiki. Mutumin da ya gudu daga kaskon uwarsa, da hankalin kaskon ya auna na'urarsa. Ya buɗe akwatin Aisata ya ɗauko humrarta, turaren nan mai kauri da mata ke haɗawa, ya cika kwalbar ya mayar. Fitila ta kama, gida ya ɗauki ƙamshi kamar ɗakin amarya.

Aisata ta gane tun kwana na biyu, don jikinta ya gaya mata. Ta yi masa magana, ya ce wanda bai shiga aji ba ba ya gardama da kimiyya. Ta ciro wani gidan sauro da ta ɓoye ƙarƙashin katifa ta ɗaura wa kanta da 'ya'yanta, kullum da asuba ta kwance shi. Shi kuwa yana susa a ɓoye, in an tambaya ya ce ƙurajen zafi ne.

A tsakiyar daminar nan gwiwar Inna Nasiba ta matsa, aka ce sai ta riƙa ganin likita a Gaya. Ta aiko cewa za ta zo, in ta ji daɗin zama ba za ta koma ba. Siddo ya kasa zama ya kasa tsaye. Ya sa aka wanke ɗakin sau biyu, ya ciro na'urar daga nasa ɗakin, ya ƙara mata humra har wuya, ya soka a na Inna. Sadaukarwa ce a ganinsa.

Ta iso da hantsi, da ƙullin kayanta, da tsohon gidan sauro mai faci, da kasko, da ƙaramin buhun ƙaiƙayi. Tun a ƙofar gida ya karɓe gidan sauron da kaskon da ƙaiƙayin ya jefa ɗakin ajiya ya kulle. Ya ce mata nan ba Tanda ba ce, an wuce wurin. Ta dubi ƙofar da ya kulle, ta dube shi, ta bi shi ciki tana ɗingishi.

Da magariba ta yi, sauron bakin kogi ya shigo yadda ya saba, ya tarar da ƙamshi da sabon jini. Tsohuwa na bisa tabarma tana jan carbi da hannu ɗaya, tana marin ƙafa da ɗayan.

"Auta," ta ce, "sauronku na birni da turare ake yi mishi maraba?"

Ya yi dariyar manya. Ya ce sai sauron ya sheƙa ya bugu tukuna, sannan ya je waje ya mutu, shi ya sa ba a ganin gawarsa. Ta gyaɗa kai ta ce ilimi da faɗi yake.

Washegari, bayan ya fita aiki, Aisata ta shigo da nata gidan sauron a ƙunshe cikin zane, ta durƙusa ta gaya wa surukarta gaskiya, har abin da ke cikin kwalbar. Tsohuwa ta ce ai tun shigowarta hancinta ya gaya mata, ita ma ta taɓa zama amarya. Amma ta tura ƙunshin baya. Ta ce jikokinta sun fi ta bukata, kuma in ɗanta ya leƙo ya ga ta ɗaura abin da ya hana, ta ƙaryata shi ke nan gaban matarsa. Ba ta zo gidansa don ta zubar masa da girma ba. Za ta jira ya gane da kansa.

Ta jira mako biyu. Siddo na ganin ƙurajen da suka cika mata hannu da wuya, yana ganin yadda take gyangyaɗi da rana, kuma ya san dalili, tunda shi ma jikinsa shaida ne. Mabuɗin ɗakin ajiya na aljihunsa kusa da biro. Sau biyu ya tsaya gaban ƙofar ya wuce, don in ya buɗe, Aisata ta ci gardama. Wannan ne abin da ya auna da lafiyar uwarsa, kuma gardamar ta fi nauyi.

Ran Laraba da safe Aisata ta tarar da tsohuwar tana rawar ɗari cikin zafin nan, ba ta ma gane mai shigowa. Aka kwashe ta zuwa asibiti, aka auna jini, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne kuma ya ci jiki. Aka ɗaura mata ƙarin ruwa. Siddo ya firgita da gaske, ya yi kuka a bayan bishiya inda ba mai ganinsa. Kabo ya zo daga Tanda da laka a ƙafa, ya zauna bakin gado yana yi wa uwar fifita.

A rana ta uku ta farfaɗo. Ɗakin cike da mata masu jinya, ma'aikaciyar jinya ta zo tana tambaya ko tsohuwar na kwana cikin gidan sauro. Da mutumin kirki ne sai ya sunkuyar da kai. Siddo kuwa da ya ga fararen kaya, sai tsohon halin ya motsa. Ya zaro na'urar daga aljihu, don ya zo da ita ne ya soka wa Inna a nan ma, ya ce gidansa an wuce gidan sauro. Ma'aikaciyar ta karɓa, ta kwance kwalbar, ta kai hanci. Ta sake kaiwa.

"Wagga ai humra ce. Wa ya zuba humra a nan?"

Wata ta fashe da dariya, ta kusa da ita ta kama, kwalba ta fara yawo hannu zuwa hannu, kowace na shinshinawa tana yaba haɗin. Siddo ya tsaya gumi na bin karin gugarsa. Aisata ta dubi ƙasa. Sai murya ta taso daga kan gado, a hankali.

"Ni na zuba, 'yata. Na ga kwalba ta yi ƙasa, na ce turare ne. Mu mutanen ƙauye ba mu san kan abin ba."

Kabo ya ɗago ya zuba wa ƙanensa ido, Aisata ma ta ɗago. Kalma ɗaya ake jira. Siddo ya gyara biro a aljihunsa, ya yi murmushi, ya ce wa ma'aikaciyar a yi haƙuri, tsofaffi sai a hankali, kullum yana faɗa mata kada ta taɓa. Matan suka ci gaba da dariya, yanzu da tsohuwar suke yi, ita kuwa ta juya fuska wajen bango.

Ran da aka sallame ta ya zo da wuri, riƙe da sabuwar na'ura irin ta masu shayi, da sabon gidan sauro cikin leda. Ya tarar Kabo ya riga ya zaunar da ita a gaban motar Tanda, ƙullin kayanta a cinya, Aisata ce ta kawo shi. Ya kama ƙofar motar yana ta zuba, ya gyara ɗaki, ya buɗe ɗakin ajiya, in kaskon take so ma ta hura abinta, ga gwiwa ba a gama magani ba. Ta saurare shi har ya ƙare, ba fushi a fuskarta.

"Ba sauro ya kore ni ba, Auta," ta ce. "Na ce ni na zuba, na kwanta ina jiran ka ce a'a."

Ta ce wa direba su tafi.