Ranar da Na Niƙe Irin Dawar Mama

Na manta abubuwa da yawa na zaman kwaleji. Rabin abin da aka koya mini ya gudu, ɗaya rabin kuwa dama ban ji shi ba, ina can bayan aji ina ba da labari. Amma ranar da na niƙe irin dawar Mama, wannan ko an ciro ƙwaƙwalwata an wanke ta da sabulu an shanya, za a same ta a ciki daram.

Kwalejin tamu tana wani ɗan ƙaramin gari ne tsakanin Funtua da Malumfashi. In na ce ƙarami, ina nufin in ka yi atishawa a bakin kasuwa, daga ƙofar makaranta za a yi maka addu'a. Mutanen garin kullum cikin ƙorafi suke a kanmu, wai mun tsadar da ƙwai, mun cika surutu, wandunanmu kamar an ɗinka mana su a jiki. Amma bari baƙo ya zo ya taɓa makarantar da baki, nan za ka ga tsoho ya miƙe yana cewa "kwalejinmu", kamar shi ya ɗora mata kwano.

Don mu wanke kanmu sai muka kafa ƙungiyar aikin gayya ta ɗalibai. Duk Asabar a fita, yau a yashe kwata, gobe a cike ramin hanya, wata rana a share harabar asibiti. Ni gaskiya kunun da ake rabawa ne ya shigar da ni. A tashar Funtua na tashi, babana direba ne, na san kukan kowace mota amma ban taɓa riƙe fartanya na minti biyar ba. Sai na naɗa kaina mai ƙarfafa gwiwa. Kowa da shebur, ni da baki.

Mama ita ce mai gidan da nake haya a bayan makaranta. Tsohuwa ce Kirista, mijinta ya rasu shekara biyu kafin lokacin, 'ya'yanta duk suna aiki can Kudu. Mu uku ne Musulmi a gidan, kuma duk azumi kafin a kira sallah za ka ga kwanon kunu a ƙofar ɗakinka. In garinka ya ƙare ba sai ka faɗa ba, daga tafiyarka take ganewa. Ni takan ce mini, "Ɗan nan, da bakinka gona ce da ka ciyar da jihar nan."

To, da bazara ta yi, hadari ya fara leƙowa, sai na kai maganarta ƙungiya. Na ce tsohuwar nan ba ta da mai share mata gona, ga rufin ɗakin girkinta yana yoyo. Aka amince. Muka zaɓi Asabar ɗin da za ta tafi taron matan cocinsu a wani gari, don ta dawo ta tarar an gama komai. Ni na kawo wannan dabarar ta a ɓoye mata, kuma na yi ta bugun ƙirji a kanta har sati guda.

Ranar aka raba aiki. Duk 'ya'yan manoma, waɗanda suka san abin da suke yi, suka ɗauki kayan aiki suka tafi gona. Aka bar mu ragwaye a gida, ni da wasu 'yan mata biyu 'yan Kaduna, wai mu kwashe kayan ɗakin girki kafin masu rufi su zo. Ina cikin kwashewa na ɗaga kai, sai na hango wani ɗan damin dawa a rataye can sama, daidai saitin murhu. Hayaƙi ya mai da shi baƙi ƙirin, ga yanar gizo-gizo ta lulluɓe shi.

Na kira 'yan matan na ce, "Ku zo ku ga tsufa. Baiwar Allah ta rataye abinci ta manta, ga shi yana lalacewa. Yau za ta san tana da ɗa."

Ɗayarsu ta ce, "Anya ba ajiya ba ce?"

Na ce, "Ke, ajiya a cikin hayaƙi? Wa ya taɓa ajiye abin kirki a nan? Ni fa jikan manoma ne." Ƙarya nake yi, kakana mahauci ne.

Na taka turmi na sauko da shi. Muka sussuka, muka sheƙe, muka wanke tsabar tas, muka baza ta a rana. Da baƙin ya fita sai ga dawa ja-ja mai ƙyalli, manyan ƙwayoyi, ba tsinke ba tsakuwa. Har na ce kai, wannan tuwonta sai manyan baƙi. Na ɗaura ta a babur ɗin wani abokina na kai inji. Kafin la'asar ga gari cikin roba, na rufe da sabon faifai, na ajiye a tsakar gida inda ido zai fara sauka.

Mama ta dawo ta ga sabon rufi, aka gaya mata an share gona, ta yi ta sa mana albarka har da 'yar rawarta. Sai ta shiga ɗakin girki. Ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito, muryarta a ƙasa, ta ce, "Yarana, wa ya sauke abin da ke rataye?"

Na matso ina washe baki, na ɗage faifan na ce, "Ga shi nan, Mama, har an niƙo. Ki huta kawai."

Ta durƙusa ta sa hannu a cikin garin, ta murza shi a yatsu. Ba ta yi faɗa ba. Wallahi da ta ɗauki muciya ta bi ni da ita da na fi jin daɗi. Cewa kawai ta yi, "Irin Babanku ne." Marigayi mijinta take nufi. Ta rufe robar, ta ce Allah ya yi mana albarka, ta shige ɗaki.

Wani ɗan ajinmu da ya dawo daga gona shi ya yi mini bayani, yana yi yana dubana kamar na kashe mutum. Ashe manomi tun a gona yake zaɓen zangarniyar da ta fi kyau, ya ɗaure ta daban, ya rataye a hayaƙi don ƙwari kada su taɓa, sai ruwa ya sauka a shuka. Wannan kuma ba dawar kasuwa ba ce. Wata gajeriyar kaura ce mai saurin nuna, marigayin ya gaje ta daga mahaifinsa, kowace shekara yana tace ta da hannunsa. Tun da ya rasu ita Mama take shukawa. Abin da ya rage na bara a rumbu an riga an cinye shi. Wannan damin shi kenan, kuma ga shi na mai da shi garin tuwo.

Ni da bakina ba ya rufuwa ko a jana'iza, ranar ko gaisuwa na kasa.

Washegari na je wurin wani Alhaji maƙwabcinmu, abokin marigayin tun suna samari. Na zayyana masa komai. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ne mai bakin nan ko? To yau hannu ya fi baki ɓarna." Can ya ce, "Abokina ba ya sayar da iri, kyauta yake bayarwa. Kuma a nan, wanda ka ba iri, ran da ka rasa shi zai dawo maka da shi. Nemo babur."

Muka fara da Maska. Alhaji a bayana ya riƙe mini riga kamar zai yage ta, kowane rami sai ya yi salati ya ce, "Ɗan tasha, ni ba buhun masara ba ne." Gida na farko suka ce ai sun koma masara tun tuni. Gida na biyu aka fito mana da wata dawa, Alhaji ya duba ya ce ta gauraye da farfara, ba ita ba ce. Kashegari muka yi wajen Dandume. Mutumin da muka je nema ashe ya rasu, 'ya'yansa ko sunan dawar ba su sani ba. A hanyar dawowa aka fara yayyafi, ƙamshin ƙasa ya tashi, manoma suna ta murna a bakin hanya, ni kuwa kowane ɗigo kamar a ƙirjina yake sauka. Ruwan shuka ya kusa, Mama ba ta da abin shukawa.

Alhaji bai haƙura ba. Ya sa aka yi sanarwa a masallaci bayan sallar Juma'a, faston su Mama shi ma ya faɗa a coci ran Lahadi. Kai, sai garin ya ɗauka kamar yaron kowa ne ya ɓata. Mai shayi yana tambayar direbobi, masu acaba suna tambayar fasinja, mata suna aika wa 'yan'uwansu na ƙauye. Ɗalibai kuwa duk wanda ya je gida sai ya dawo da ƙullin dawa a aljihu. Tsakar gidan Mama ta koma kamar layin 'yan hatsi. Kowa ya kawo sai ta karɓa ta yi godiya, ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ciza, ta girgiza kai a hankali. Wata rana ta ce mini, "Ɗan nan, ka bar wahalar da mutane. Dawa dawa ce, zan shuka wadda ta samu." Tana faɗa tana kallon sama, wurin da damin yake a da.

Ran Talata da hantsi, muna zaune da Alhaji a ƙofar gida, sai ga wani tsoho ya doso yana tafe yana waige-waige. Alhaji ya taɓa ni ya ce, "Ikon Allah. Wannan shi ne mai gonar da ke iyaka da tasu. Sun yi rigima da marigayin a kan bishiyar ɗorawa, shekara da shekaru ko gaisawa ba sa yi."

Tsohon ya yi sallama, aka kira Mama. Ya ƙi zama. Ya ɗaga babbar rigarsa ya zaro wani ɗan dami baƙi ƙirin da hayaƙi, ya ajiye a gabanta, yana kallon gefe.

Mama ta ɓalli ƙwaya ɗaya ta goge a zaninta, ta ciza. Sai ta zauna a ƙasa, nan inda take tsaye. Ta ce, "Ita ce."

Alhaji ya ce, "To Malam, kai da ba kwa magana, yaushe ya ba ka?"

Tsohon ya ce, "Bai ba ni ba." Ya gyara hula. "Ni na yanka. Dawar ta yi mini kyau, girman kai ya hana ni roƙo. Wata shekara na faki ido na yanki zangarniya biyu a bakin iyaka. Tun daga nan nake shuka ta a wata gonata ta nesa, don kada ya gani. Ki yafe mini, shi ma Allah ya sa ya yafe."

Sai muka ji Mama ta fashe da dariya, hawaye na zuba. Rabona da jin dariyarta tun ran taron coci. Ta ce, "Malam, ai ya gan ka. A bayan ɗorawar yake zaune ranar. Ya dawo gida ya ce mini, yau maƙwabcina ya yaba mini dawa. Ba ka lura ba duk shekara layin da ke wajenka shi yake bari sai ƙarshe? Cewa yake ko za ka ƙara."

Sai tsohon ya samu gefen tabarmar Alhaji ya zauna, ya sa hannun riga yana share fuska. Alhaji ya ce, "Matarmu, kawo wa ɓarawon nan ruwa." Duk aka yi dariya, har shi.

Da ruwan shuka ya sauka muka fita gayya, ɗalibai da mutanen gari, har tsohon da 'ya'yansa. Irin bai isa gonar duka ba, kusan rabi ya rufe, Mama ta ce ya isa ya haifi na baɗi. Ni aka ba aikin zuba iri a rami, kuma duk rami sai na ɗago na ce, "Mama, guda nawa? Nan ko can?" Har ta gaji ta ce, "Ɗan nan, zuba mana, ba allura kake yi ba."

Yanzu na girma, ina da iyali, har yau kuma ina shiga aikin gayya a unguwarmu, bakin nan dai yana nan bai ragu ba. Amma abin da na koya a gidan Mama shi ne, niyya mai kyau ba ta isa ba in ba ka tambayi mai abu ba. Abin da ka gani baƙi a rataye ka ɗauka shara ce, wataƙila shi kaɗai ya rage wa wani na mutumin da yake so. Shi ya sa duk gidan da na shiga taimako, kafin in taɓa ko tsintsiya sai na tsaya na ce, "Me kuke so a yi, me kuma ba ku so a taɓa?"