Kwanciyar Dama

A ƙauyenmu, tsallaken kogi daga garin Rufa'a, in mutum ya kai gargara mijina ake aika wa. Shi ke zuwa ya kwantar da shi a gefen dama, fuska ga alƙibla, ya laƙƙana masa kalmar shahada. Ba malami ba ne, manomi ne mai hawasha, wato gonar ban-ruwa, kamar kowa, auduga da dawa da gyaɗa. Aikin dai ya gada wurin ubansa, bai kuwa taɓa wasa da shi ba.

Ciwonsa ya fara daga hannu. Fartanya ta riƙa suɓuce masa, sai ƙafa ta biyo baya. Likita ya ce ciwo ne mai kashe jijiyoyin da ke motsa jiki ɗaya bayan ɗaya, ya bar hankali garau, kuma ba shi da magani. Da harshensa ya fara nauyi sai ya kira ni.

"Uwar yara, ki aje ni bisa dama, ki bar ni nan. Ban san randa za ta zo ba."

Na yi masa alkawari. Wa zai ƙi?

'Ya'yanmu maza suna Damazin wajen aikin riɗi, matan kuma suna gidajensu. Masu dubiya sun yi ta zuwa da farko, amma zama gaban wanda ba ya amsa gaisuwa sai mai haƙuri, suka janye a hankali. Ya rage daga ni sai idanunsa. In ya ƙifta, e ke nan. In ya kau da su, a'a. Da hantsi ina dafa jabana, gahawarmu ta nan, kusa da gadonsa na igiya, in kwashe masa gulmar bakin tura'a, magudanar da muke ɗibar ruwa, wadda ta yi faɗa da wadda kan layin ɗibar ruwa. Ni dama bakina ba ya gajiya. In na kai wurin dariya, gefen idonsa ya tattare. Wannan hirar ce ta riƙe ni.

Watanni yana kwance a damansa, sai numfashi ya fara yi masa gajarta, zazzaɓi ya shigo, leɓɓansa suka yi duhu. Muka ɗora shi a bayan mota zuwa asibiti, aka ɗauki hoton ƙirji. Likita ya nuna mini. Ya ce ƙirjinsa ba shi da sauran ƙarfin tari, majina ta taru a gefen da yake kwance ta toshe hanyar iska, huhun dama ya lotse kamar salkar da aka tsiyaye. Aka zuƙe abin da za a iya zuƙewa, aka ba shi magani. Sauran, in ji shi, aikina ne: in riƙa juya shi hagu, in tayar da shi zaune, in bubbuga bayansa da tafin hannu.

Na gaya wa likitan alkawarin da ke tsakanina da mijina. Ya ce, "Ma'alesh, ki yi haƙuri ya hajja. In kin bar shi haka, numfashin zai tafi da wuri."

Da muka dawo gida na juya gadon kansa, kai ya koma ƙafa, don ko yana hagu fuskarsa na kallon alƙibla. Na ɗauka na yi dabara. Na tambaye shi ko hakan ya yi, ya kau da ido. Mutumin da ya kwantar da rabin mamatan ƙauye ba za a yi masa wayo da gado ba. Na juya shi duk da haka.

Yayansa ya shigo ya same shi a hagu. "Ke, mi kika yi haka? Wanga bawan Allah za ki bari ya cika bisa hagu?"

"Yaya, in kai za ka yi mishi tari, bismilla, ga shi nan."

Ya juya ya fita. Amma shi mai gidan, tun daga ranar in na shigo ɗakin sai ya rufe ido. Na roƙe shi, na yi masa bayani, na yi masa faɗa, har kuka na yi. Numfashinsa ya daidaita, zazzaɓi ya sauka, ya ga tsinkar auduga ta wuce, ya ga damina. Ina dafa jabanata, ina zuba surutuna ga mutumin da ke ji sarai ya ƙi duba ni. Ban taɓa sanin kaɗaici irin wannan ba, ko bayan rasuwarsa.

Ranar da ta zo, bayan la'asar ne. Na ji numfashin ya canja, na ƙwala wa yayansa kira ta kan katanga, muka mayar da shi dama. Jikin ba ya tsayawa da kansa, sai na hau gadon na tallafe shi ta baya, yayan na gabansa yana karanta shahada.

Yayan ne ya gaya mini daga baya cewa kafin ya cika, mai gidan ya buɗe ido, ya jima yana dubawa kamar mai neman wani. Ni ina bayansa, ban gani ba.