Minti Huɗun Baba Ƙararrawa

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana kaɗa ƙararrawa a makarantar firamaren da ke ƙarshen layinsu, amma bai taɓa ɗaura agogo a hannunsa ba sai da ya bar aikin. A takarda masinja ne: ya share ofis, ya kai wasiƙa, ya ɗauko alli daga sito. Babu wanda ya san shi da waɗannan. Yara da malamai da iyayen yara, Baba Ƙararrawa suke ce masa tun kansa bai fara furfura ba.

Gajeren mutum ne mai ƙaramar murya. Bai yi karatu mai nisa ba, bai gina gida ba. 'Ya ɗaya Allah ya bar masa, ita ma aure ya kai ta wani gari. Abu ɗaya yake taƙama da shi, kuma yakan faɗe shi ko an tambaya ko ba a tambaya ba: tun da ya kama aiki bai taɓa kaɗa ƙararrawa a makare ba, ko da minti ɗaya.

Ga yadda yake aikinsa. A ofishin shugaban makaranta akwai tsohon agogon bango mai akwatin katako, irin wanda ake murɗawa da mabuɗi sau ɗaya a mako. Duk ranar Litinin Baba zai zauna wurin mai shayin bakin titi ya kasa kunne ga rediyo. Da an ce ƙarfe bakwai daidai, sai ya ajiye kofi, ko ya shanye ko bai shanye ba, ya kama hanya. Ba ya tsayawa gaisuwa. Tafiya yake kamar mai ɗauke da ruwa a faranti. Ya buɗe ofis, ya taka kujera, ya kai hannun agogon kan bakwai cif, ya murɗa mabuɗi, ya sauko. Sauran kwanakin mako ta taga yake leƙa agogon, igiyar ƙararrawa na hannunsa. Bakwai da rabi na cika zai ja, maigadi ya rufe ƙofa.

Matarsa ta rasu saura shekara biyu ya yi ritaya. Bai yi wani kuka a gaban mutane ba, ranar Litinin ma ya je ya gyara agogo. Da lokacin ritaya ya zo aka tara yara a fili, aka ba shi takardar yabo da fulas ɗin shayi, aka tafa masa. A makon aka sa ƙararrawar lantarki mai kaɗa kanta, aka sauke tsohon agogon aka kai shi sito.

Ɗaki ɗaya yake haya a layi na biyu. Gado, kujera, ƙaramin tebur a ƙarƙashin taga, sai keken ɗinkin marigayiya lulluɓe da tsohon zane. A ɗakin nan ya gane cewa bai san lokaci ba. Yakan yi gyangyaɗi ya farka, ya rasa ko hantsi ne ko rana ta karkata. Ya ci abincin rana, ya leƙa waje ya ga ko 'yan makaranta ba su fito hutun tara ba.

'Yarsa ta kira shi a waya ya gaya mata.

"Baba, ai ga lokaci nan a fuskar wayar da na saya maka."

"Sai na danna ta take nuna mini, kafin in ɗauko tabarau ta yi duhu. Kamar roƙonta nake."

"To, ina za ka da kake neman lokaci?"

Ba da mugunta ta faɗa ba, ana jin kukan jariri a bayanta. Ya ce babu ko'ina, ta gaishe masa da maigidanta. Washegari ya sa rigarsa mai kyau ya tafi kasuwa.

Mai agogo yana da ɗan shago da bai fi faɗin ƙofa ba, akwatin gilashi a gabansa, ƙaramin madubi maƙale a idonsa ɗaya. Ya dubi Baba daga hula zuwa takalmi ya fito da wani baƙi na roba mai rubuta lamba.

"Wannan naka ne, tsoho. Ruwa ba ya shigarsa, yana da fitila, yana kuka ya tashe ka."

"Ba na son mai kuka. Na gaji da masu kaɗa kansu."

Ya fito da wani mai ruwan zinariya, fuskarsa cike da ƙananan agoguna uku.

"Wannan na ango ne. Ko za a ƙara ne?"

"Da wane haƙorin? Ɗauke. Ina son farar fuska, baƙaƙen lambobi manya, daga ɗaya har sha biyu kowace a wurinta. Ba irin waɗanda ake sa ɗigo-ɗigo mutum ya yi ta canka ba."

Aka samo irinsa guda biyu. Ɗaya na batir ne, sabo fil. Ɗayan tsoho ne, gilashinsa da ɗan karce, maɗaurinsa fata.

"Na batir ɗin zan ba ka shawara," in ji mai agogo. "Shekara biyu ba ka taɓa shi ba. Wannan kuwa jaraba ne. Kullum da safe sai ka murɗa ɗan kan nan na gefe. Ka manta kwana ɗaya, ya tsaya."

"In ban murɗa ba ya tsaya?"

"Cak."

Baba ya kara shi a kunne ya daɗe yana saurare. Mai agogo ya ƙara huda rami ɗaya a maɗaurin, saboda hannun ya rame. Na murɗawar Baba ya saya.

Bai yarda mai shago ya saita masa ba. Shi da ya shekara talatin yana saita wa makaranta guda lokaci? Da safe ya bar agogon a kan tebur, don ba ya son ya tsaya lalube da tabarau a gaban 'yan shayi su sami abin dariya. Ya je ya zauna, rediyo ya ce ƙarfe bakwai daidai, ya ajiye kofi ya koma ɗaki bai gaisa da kowa ba. Ya zauna a hasken taga, ya sa tabarau, ya kai hannun agogon kan bakwai cif, ya murɗa, ya ɗaura.

Daga nan ya wuce ƙofar makaranta ya zauna a benci kusa da maigadi, tsohon abokin aikinsa, wani dogo mai son tsokana.

"A'a, ɗan fansho. Yau kuma da agogo? Jirgi za ka hau?"

"Kai dai buɗe ƙofarka ka rufe, iyakar iliminka ke nan."

Ƙararrawar lantarki ta ɗauki ƙara. Baba ya dubi hannunsa. Bakwai da minti ashirin da shida. Maigadi ya ja ƙofa, yara kusan goma suka rage a waje suna haki.

Ya dawo washegari, ya dawo jibi. Kullum bakwai da ashirin da shida. Ran Litinin ya sake saita agogon yadda ya saba don ya tabbatar, abin bai canja ba. Kwana tara ya yi yana wannan, kuma a kwanakin nan ya fi cin abinci, har aski ya je. A ransa ya gama shirya komai. Zai gaya wa shugabar makaranta injinsu yana gaggawa da minti huɗu, yana zaluntar 'ya'yan mutane. Ba zai nemi albashi ba. A ce dai ya riƙa zuwa duk safiya yana duba musu lokaci, ko a mayar da igiya. Har ya zaɓi rigar da zai sa ranar da zai koma.

Shugabar mace ce da ba ta wuce arba'in ba, kuma a makarantar ta yi firamare, Baba ya san ta tun tana zuwa da kitso biyu da majina. Ta miƙe ta ba shi kujera. Ya zauna a bakin kujerar, ya dubi bango. Inda agogon yake a da, fentin wurin ya fi na sauran haske.

Ya yi bayaninsa tsaf, ya miƙa mata hannu ta gani. Ta dubi agogonsa, ta dubi wayarta, ta dubi na hannunta.

"Baba, naka ne yake baya da minti huɗu."

"Ba zai yiwu ba, Malama. Da rediyo na saita shi."

"A wurin mai shayi?"

"A wurin na ji. Na koma ɗaki na saita."

Sai ta yi dariya. Dariyar jin daɗi ce, irin ta wanda ya tsinci tsohon hotonsa.

"Allah sarki, mintin Baba. Har yanzu suna nan ashe." Ta ga bai gane ba, ta ci gaba. "Daga mai shayi zuwa ofis ɗin nan ai tafiyar minti huɗu ce, kamar dai zuwa ɗakinka. Kafin ka iso, bakwai ta wuce. Kullum ƙararrawarka da minti huɗu take makara. Mu tun muna aji uku muka sani. In muna gudu a hanya sai mu ce kada ku damu, akwai mintin Baba."

"Malamai fa?"

"Su da ke da agogo a hannu? Kowa ya sani. Har iyayenmu."

"Shugabanni biyar na yi aiki da su."

"Duk sun sani, Baba. Wa zai gaya maka? Kowa yana jin daɗin abin. Kuma ka ga yadda kake ji da aikinka, babu wanda ya so ya ɓata maka rai."

Ta ce a kawo masa ruwa, ta tambayi 'yarsa, ta ce ya riƙa leƙo su. Wayarta ta yi ƙara ta ɗauka. Ya jira ta gama don ya yi sallama, bai ga alamar za ta gama ba, ya tashi ya fita.

A ƙofa ya tsaya gaban maigadi.

"Kai ma ka sani?"

"Me?"

"Minti huɗun."

Maigadi ya sosa ƙeya. "Haba, tsoho. Ai da su nake ƙarasa karin kumallo."

Shekara ashirin suna zama a benci ɗaya.

Ba makarar ce ta tsaya masa a rai ba. Minti huɗu ba su kashe kowa ba. Abin da ya riƙa juyawa shi ne sau nawa ya tsaya a gaban mutane ya ce bai taɓa makara ko da minti ɗaya ba, suka gyaɗa kai, suka ce haka ne Baba. Ya faɗa a ɗakin malamai. Ya faɗa ranar da aka ba shi fulas, a gaban yara ɗari shida, aka tafa. Ya dubi keken ɗinkin da ke lulluɓe. Marigayiya ma tana da ƙawaye cikin iyayen yara. Ko ta sani ta yi shiru, ko ita kaɗai ce ba ta sani ba tare da shi, babu wanda zai tambaya.

Da safe ya tafi wurin mai shayi da agogon a hannu da tabarau a aljihu. Ya zare ɗan kan agogon ya riƙe, ya jira. Rediyo ya ce ƙarfe bakwai daidai, ya saita a nan take, a gaban kowa. Babu wanda ya ko kalle shi, ana musu a kan ƙwallo. Ya shanye shayinsa har ƙasa, abin da bai saba yi ba ranar Litinin.

Da ya tashi ya dubi hannunsa, ya taka zuwa ƙofar makaranta da irin tafiyar da ya saba, ya sake dubawa. Minti huɗu ne, har da 'yan daƙiƙu. Bai zauna a benci ba. Ya tsaya a tsallaken titi. Yaran yanzu ba su san wani mintin Baba ba, tun da sauran lokaci suke shigewa. Dogon hannun agogonsa na sauka kan shida ƙararrawar ta ɗauka. Maigadi ya ɗago masa hannu, shi ma ya ɗaga, ya juya.

Bai sake zuwa ba. Rigar da ya zaɓa ya ninke ya mayar akwati.

Yana nan a ɗakinsa na layi na biyu, ya ƙara ramewa, mai agogo ya sake huda masa rami a maɗauri. 'Yarsa tana kira ranar Asabar in ta samu sarari. Ta taɓa tambayarsa ko agogon yana aiki, ya ce yana aiki, daidai yake da na kowa. Bai ba ta labarin minti huɗun ba.

Daga tagarsa ana jin ƙararrawar makaranta in babu hayaniyar motoci. Ya daina duba hannunsa in ta kaɗa. Amma kullum da safe, kafin ya wanke fuska, yakan zauna a bakin gado ya murɗa agogon sau goma sha biyu, ya kara shi a kunne, ya ji yana tafiya, sannan ya ɗaura.