Manu Ba Ya Wuce Mota a Hanya

Manu ya fara jan mota tsakanin Gusau da Tsafe tun rabin direbobin tasha ba su yi haƙori ba. Da idonsa ya soma hazo, mai motar ya karɓe makulli, ko sannu babu. Duk da haka kullum yana tasha da tawul a wuya, yana gyara wa mutane fakin ba su tambaye shi ba.

Sai ga wahalar mai ta casa'in da takwas, motoci suka yi layi, direbobi suka koma zaman kashe wando. A lokacin ne Isah mai gwanjo na Sabon Gari ya kwance dila ya tsinci wani kwali: taswira mai gida-gida kamar saƙar zuma, 'ya'yan lido, da 'yan gumakan roba masu bindiga a kafaɗa. Ya kawo shi tasha. Malam Abdulrahman, wani malamin makaranta, ya karanta musu dokokin wasan. Wai kowane gunki injin yaƙi ne da ya fi bene tsawo, yana tafiya da ƙafa biyu, da mutum zaune a cikin kansa yana tuƙi.

"Da direba ciki?" in ji Manu. "To ku matsa mini."

Kai, tuƙin Manu sai wanda ya gani! Da ya ji dokar da ta ce injin yana ɗaukar zafi in an cika harbi, sai ya daina harbin gaba ɗaya. Ana ɓarin wuta a tsakiyar taswira, shi yana can bayan tsauni ya yi fakin, wai inji na shan iska. Duk ɓangaren da ya shiga sai ya sha kashi. Amma bencin nan da ake wasan a kai shi kaɗai ne wurin tuƙin da ya rage masa a duniya, kuma yana son sa har ransa.

Isah ya gaji, ya ce, "Baba Manu, 'yan tashar Tsafe na zuwa karawa da mu. In ka ja muna kunya, ka bar bencin ga ke nan."

Ranar karawa aka yi ta ɓarna har ya rage Manu kaɗai a ɓangaren Gusau, don ba wanda ya kula da shi a bayan tsauninsa. A na Tsafe kuma saura Ɗahiru, wanda injinsa ya karye a ƙafa yana kwance. Harbi ɗaya ya rage! Tasha ta ɗauki ihu, "Harba, Baba! Harba!"

Manu ya ɗauki gunkinsa ya taka da shi a hankali, ya tsayar da shi gefen na Ɗahiru. Tun da yake bai taɓa wuce mota a lalace a bakin hanya ba, ba kuma yau zai fara ba.

"Sannu direba," ya ce. "Mi ya samu ƙahwar?"

Ɗahiru, mara kunya, ya jefa 'ya'yan lido ya fasa masa kan inji daga kwance.

Ba sai an kore shi ba, Manu ya tashi da kansa, ransa a ɓace. Har ya yi gaba ya dawo, ya tsuguna gefen Malam Abdulrahman.

"Malam, wanda ke cikin tawa, ya samu hita kuwa?"

Malam ya duba dokokin, ya girgiza kai. Manu ya yi salati a hankali, ya goge fuska da tawul, ya kama hanyar gida a ƙafa.