Ta Biyar a Jerin Masu Jira

A gida Auta ake ce mata, ko da yake ta haura talatin. A wurin aiki kuwa Anti mai buga takardu. Shekara goma sha ɗaya ta yi a wani ɗan shago da ke kallon ƙofar jami'a, teburinta a lungu, tsakanin injin hoton takardu da wata fanka da ba ta tashi sai an zungure ta da biro. Tana buga wa ɗalibai aikin aji, tana buga wa dattawa takardar rantsuwa, da ta haya, da ta koke. Saboda yawan buga su har ta haddace bakin lauyoyi. Mutum zai kawo takardar da aka rubuta masa, ta karanta, ta ce, "Baba, a koma a gyara nan, an bar ƙofa a buɗe." Sau da yawa akan dawo a ce mata ta yi gaskiya.

Mai shagon ne ya sa mata karatun lauya a rai. Ta yi shekara biyu tana karatu tsakanin wannan aiki da wancan, ta zauna jarrabawar shiga sashen koyon aikin lauya. Da sakamako ya fito, ba a ɗauke ta ba, ba a kuma ƙi ta ba. An sa ta a jerin masu jira, ita ce ta biyar.

"To an ɗauke ki ko ba a ɗauke ki ba?" in ji Inna.

"Sai wani ya fasa, Inna. In mutum biyar suka fasa kafin ƙarshen wata, na samu."

"Makaranta ce ko motar haya, da sai wani ya sauka?"

Yayanta ya kwashe da dariya, daga ranar kuma ya laƙaba mata Barista Sai-an-sauka. Ita ma ta yi dariyar. Amma tun daga nan, duk safiya in ta idar da salla sai ta roƙi Allah ya buɗe mata gurbi.

Akwai wata ƙa'ida a sashen: wanda aka ɗauka in zai janye, sai ya kai wa akawu wasiƙa bugaggiya da sa hannunsa, ba a karɓar rubutun hannu. Shago uku ne a layin, nasu ne ya fi kusa da ƙofa. Auta ba ta taɓa haɗa waɗannan abubuwa biyu a ranta ba, sai ranar da wani saurayi ya shigo riƙe da shuɗiyar jakar takardu, irin wadda ake bai wa waɗanda aka ɗauka. Ya samu wata makarantar da ta fi masa, bakinsa har kunne. Ta buga masa wasiƙar cikin minti uku. Washegari ta tsallaka titi ta duba allon sanarwa, ta ga an ja wa sunan farko layi. Ta zama ta huɗu. Ranar har waƙa ta yi a hanyar gida.

Na biyu ma'aikaci ne da aka canza wa wurin aiki zuwa nesa. Shi ma wurinta ya zo. Ta zama ta uku.

Na ukun ba da ƙafarsa ya zo ba. Wani dattijo ne ya shigo da hantsi, ya ajiye shuɗiyar jakar a kan teburinta da hannu biyu.

"'Yata, ta yaya ake rubuta wa makaranta cewa yaro ba zai zo ba?"

"Me ya hana shi, Baba?"

"Ya rasu. Shekaranjiya, a mota."

Auta ta jawo madannan injin buga takardu gabanta. Ta buga wasiƙar, ta karanta masa, ya sa hannu a ƙarƙashin sunan ɗansa. Da ya fita sai ta tuna abin da ta roƙa da safiyar shekaranjiya, kalma bayan kalma. Ta shiga bayan shago ta wanke fuska, ta daɗe tana kallon famfon yana ɗiga.

Ba ta ƙara yin wannan addu'ar ba. Ta daina zuwa allon. Amma teburinta titi yake kallo, idonta kuma ya koyi tsinto shuɗin nan daga nesa. Da ta hango mai riƙe da jakar ya tsaya zai tsallako, sai ta tsayar da aikin da take yi. Yawancinsu hoton takarda kawai suke so. Duk da haka takan bi fuskarsu da kallo, tana neman alamar ciwo ko damuwa, sai kuma kunyar kanta ta kama ta.

Inna ta lura ta rame, ta matsa mata har ta faɗi abin da ke damunta. "Ke kika tura motar?" ta ce. "Kwanansa ne ya ƙare. Ci abincinki."

Na huɗu wani magidanci ne, matarsa ta kwanta asibiti, babu mai kula da yara. Tun kafin ya gama bayani Auta ta ce masa injinta ya lalace, ya gwada gaba. Ta bi shi da ido ya shiga shago na biyu, ya fito. Ya shiga na uku, ya fito. Sai ga shi ya dawo ya tsaya a kanta.

"Na can tawadarsu ta ƙare, na ƙarshen kuma mai bugawar ba ta zo ba. Ki taimaka, Anti, yau nake so in gama da shi."

Mai shagon ya leƙo ya ce ai injin lafiyarsa lau. Ta buga.

Saura kwana uku a rufe jerin, ita ce ta ɗaya. Ranar an yi ruwa tun safe, ya ɗauke da azahar, titin ya yi tsit. Mai shagon ya fita. Wata mata ta shigo, sa'arta ce ko ta ɗan girme ta, da baƙin tabarau, tana tafe tana shafa gefen tebura da yatsa. Ta lalubi kujera ta zauna, ta ɗora shuɗiyar jakar a cinya.

"Ke ce ta ɗaya a jerin," ta ce. Ba tambaya ba ce.

Auta ta ɗago kai. "Wa ya gaya miki?"

"Akawu. Na tambaye shi wa zai shiga gurbina, ya ce mai buga takardu ce a tsallake. Na ce bari in zo in ga fuskarki tun ina iya gani."

Ta cire tabarau. Idanun a buɗe suke, tas da su, amma ɗan gefen Auta suke kallo. Malamar makaranta ce, ta ce, shekara huɗu tana neman gurbin nan. Wata biyu da suka wuce layukan littafi suka fara narkewa a gabanta. Likita ya ce kafin shekara ta zagayo hasken zai tafi gaba ɗaya.

"Kada ki janye, Yaya," in ji Auta. "A nemi a ɗage miki zuwa baɗi. Na san yadda ake rubuta shi, yanzu zan buga miki."

"Baɗi da wane idon? Na riga na yi kukana na gama, ƙanwata. Matso kusa da haske."

Auta ta matsa. Matar ta kawo fuskarta dab da tata, har tana jin numfashinta, ta daɗe tana dubawa kamar mai karanta ƙaramin rubutu. Sannan ta koma ta jingina.

"To. Buga."

Sau uku Auta tana kuskure a layin farko, ita da ba ta kallon madannai. Da ta gama, ta kama hannun matar ta ɗora a inda za ta sa hannu.

Ranar Litinin akawu ya kira ta. Yayanta ya ce yanzu dole a yanke wa sunan wutsiya, ya zama Barista kawai. Inna ta yi hamdala. Auta ta karɓi tata shuɗiyar jakar, ta sa ta cikin leda baƙa kafin ta fito titi.

Ba a gyara rajistar aji da wuri ba. Makonni shida malamin darasin farko yana kiran sunan waccan matar, ajin ya yi shiru, ya wuce, sunan Auta kuwa yana can ƙasa an ƙara shi da biro. Wata safiya da ya kira sunan, sai ta ji bakinta ya amsa. Ba ta yi niyya ba. Malamin ya yi alama a takardarsa ya ci gaba, babu wanda ya waiwayo. Ana tashi ta je wurin akawu, ba ta bar ofishin ba sai da ya gyara a gabanta.

Ta gama karatun. Yau tana da ofis mai ɗaki ɗaya a saman wani kantin magani, 'yan haya da leburori ne yawancin masu hawa matakalarta, kuma an san ta da karanta takarda har ƙasa kafin ta bari a sa hannu.

Sau ɗaya ta je gidan malamar, a hutun shekarar farko, da adireshin da ta buga a wasiƙar. Ta same ta a tsakar gida tana ninke wanki da lalube, idon ya riga ya tafi. Tun daga sallama ta gane muryar. Suka gaisa, ta tambayi karatu, ta tambayi malamai. Can ta ce, "A ina kike zama a babban ajin?"

"Layi na uku, bakin taga. Kujerar tana ɗan rawa."

Matar ta tsaya da ninkin. "Ranar da aka zaga da mu ajin, nan na zauna na gwada. Na ce wa raina nan ne wurina."

Auta ta gyara zama. Ta jawo kwandon wankin kusa, ta ɗauki riga ɗaya, suka ci gaba da ninkewa har aka kira la'asar.